Jerin Gudummawar Amarya: Ta Yaya Masu Sayar da Kayan Kicin Za Su Ci Kasuwarsa a Zariya?

Maman Iman, Tudun Wada:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani tsari, kuma ina so mu tattauna shi kafin Rajab ya kama, tunda daga nan har ƙarshen Sha'aban bukukuwa ba sa yankewa saboda masu son a ɗaura aure kafin azumi. Duk wadda ta taɓa halartar jere ta san abin da ake tararwa idan aka buɗe kayan gudummawa: fulas ɗin shayi huɗu ko biyar, kuloli iri ɗaya kamar an haɗa baki, setin kofuna har a rasa wurin ajiye su, amma idan aka nemi madambaci, ko tanda, ko tukunyar da za ta ɗauki tuwon baƙi, sai a shiga kallon juna. Masu gudummawa sun kashe kuɗinsu, amarya ba ta sami abin da take buƙata ba, mu kuma da muke kai kaya gida-gida ba mu ci komai a cikin wannan ciniki ba.

Tsarin shi ne mai sayarwa ta zauna da amarya a rubuta abin da babu, duk mai niyyar gudummawa ya zaɓa daga cikin jerin ya biya, a soke abin da aka saya, sannan a haɗa kayan a kai gaba ɗaya kafin ranar jere. Gidajen da na gabatar wa da shi sun karɓi takardar da fara'a, daga nan kuma sai shiru. Ina gizo yake saƙa?

Hajiya Babba, Ƙofar Doka:

Wa alaikumus salam. 'Yata, takardarki ba ta da laifi, hannun da kika damƙa wa ne bai dace ba. Babu amaryar da aka yi wa tarbiyya a garin nan da za ta ɗauki jeri ta aika wa gwaggonninta cewa ga abin da take so a saya mata, mahaifiyarta ma ba za ta yi ba, balle idan 'yar fari ce wadda ko sunanta uwar ba ta faɗa. Kafin la'asar magana ta zagaye dangi cewa gidan su wance sun koma roƙo, har sun yanka wa gudummawa farashi.

Sannan akwai abin da ku yaran yanzu kuke mantawa. Gudummawar biki tamkar adashe ce. Uwar amarya tana da littafinta, ana zaune ana rubuta wance ta kawo kaza, wance ta kawo kaza, domin ranar da bikin waccan ya zo ta mayar mata, sau da yawa har da ƙari. Kuɗi yana da sauƙin rubutawa da sauƙin mayarwa. Kuma a makonnin nan na ƙarshe uwa kuɗi take nema ido rufe, ga kafinta yana jiran cikon kuɗin gado da kujeru, ga gara, ga abincin taro. Saboda haka abokiyar gasarki ba wata dillaliya ba ce, ambulan ɗin da ake miƙa wa uwar amarya ce. Idan ba ki warware wannan ba, ko takarda ɗari kika buga a jaka za su ƙare.

Anti Malama, Samaru:

Hajiya ta taɓo jijiyar maganar. Bari in ƙara da ɗan tarihi, domin yana nuna cewa kunyar nan ba a wurinmu kaɗai take ba. Wani babban kanti mai suna Marshall Field's a birnin Shikago na Amurka ne ya fara ajiye jerin kayan amare a 1924. Amarya takan je ta zaɓi irin tangaran da cokulan da take so, kantin ya rubuta ya ajiye, masu kyauta su je can su tambaya. Ku lura, kanti ne yake riƙe da littafin, ba amarya ba. Har ma a ladabinsu na da, abin kunya ne a buga sunan kantin a jikin katin gayyata, dangi da ƙawaye ne suke sanar da wanda ya tambaya.

Sayar da kayan kicin gida-gida kuwa, kamfanin Tupperware ne ya yi suna da shi. Earl Tupper ya fito da robobinsa a 1946, amma ba su karɓu sosai a kantuna ba, sai da wata mata mai suna Brownie Wise ta bunƙasa tsarin tara mata a gidan ɗaya daga cikinsu, a nuna musu kayan, su taɓa, su gwada, su saya. Abin da ya sa tsarin ya ci shi ne matar gidan ce take gayyata, kuma ƙawayenta sun yarda da ita. Kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashi a watan Satumba na 2024, amma wannan wata magana ce daban.

Mu nan ba ma buƙatar ƙirƙiro taro, muna da shi tun tuni. Ƙawayen amarya suna buɗe zaure a WhatsApp domin anko da kamu. Abokan aikin uwa, ko a makarantar firamare take ko a Jami'ar Ahmadu Bello, sukan yi karo-karo. Haka 'yan ajinsu na Islamiyya, haka 'yan adashe, haka ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Waɗannan duka sun riga sun yanke shawarar sayen kaya, abin da ba su sani ba shi ne wane kaya. A wurinsu jerin taimako ne, domin yana raba su da gardamar mu sayi kaza, a'a mu sayi kaza.

Maman 'Yan Biyu, Gyallesu:

Ni da wannan tsarin nake aiki, kuma zan faɗi yadda nake yi dalla-dalla, mai ganin gyara ta gyara mini.

Ba na jira a fara rabon kati. Da na ji an sa rana nake neman ganin uwar amarya, domin yawancin iyaye mata sun daɗe suna tara kaya, wata tun yarinyar tana sakandare take sayen faranti da samira tana turawa ƙarƙashin gado, kuma da zarar rana ta matso za ta haɗa kuɗi ta tafi kasuwar Sabon Gari, ko ta wuce Kano, ta kwaso sauran a yini ɗaya. Idan kika zo bayan wannan tafiya kin makara. Idan na je, ba na fara da fito da hotunan kayana, sai in roƙi a nuna mini abin da aka tara. Mu baje su a tabarma, ina rubuta abin da ke akwai, ita kuma tana tuna abin da babu da bakinta. Jerin da ya fito daga bakin uwa ba ta jin an ɗora mata shi.

Tambaya ta biyu ita ce ina za a kai yarinyar. Wadda za ta zauna a gidan haya a Hanwa ko Palladan, da kicin ɗinta da gas, buƙatarta daban da ta wadda za a kai babban gida a cikin birni inda ake girki da gawayi ko itace, kuma ranar girkinta za ta ciyar da mutum ashirin. Ta biyun idan kika cika mata jeri da ƙananan tukwane masu murfin gilashi kin cuce ta, abin da za ta gode miki a kai shi ne tukunya mai kauri da za ta jure muciya, da babbar kula, da turmi, da rariya. Ta farkon ma sai na tambayi yanayin wutar unguwar kafin in sa kayan lantarki fiye da bilanda da butar dafa ruwa.

Daga nan sai in raba jerin biyu. Na ƙawaye yana hannun babbar ƙawar amarya, ita take sa shi a zaurensu da sunan shawararta. Na manya kuwa ba a tura shi ko'ina, yana hannun ƙanwar uwa ko aminiyarta, wato matar da dama ita ake kira a tambaya, "Me ya rage ba a saya ba?" Wannan tambaya ana yin ta a kowane biki, amsar da aka saba bayarwa ita ce "Duk abin da Allah ya hore." Abin da nake roƙon matar shi ne ta ƙara da cewa, "Amma na san har yanzu ba a sayi kaza da kaza ba, kuma akwai su a wurin wance." Amarya da uwarta ba su furta komai ba, mutuncinsu yana nan.

Manyan kaya kuma nakan yanka su kashi-kashi. A ce setin tukwane na Naira 60,000 ne, sai in rubuta kashi 6, kowane kashi Naira 10,000. Mace ɗaya ba za ta iya ba, amma mata shida suna ganin haka suke haɗuwa.

Hajiya Babba, Ƙofar Doka:

To, yanzu kika zo da magana. Amma littafin uwa fa? Idan mata shida suka haɗa suka sayi tukwane, me za ta rubuta a gaban sunan kowace?

Maman 'Yan Biyu, Gyallesu:

Ranki ya daɗe Hajiya, shi ya sa ranar da na kai kaya nake haɗawa da wata takarda a cikin ambulan a rufe, in damƙa wa uwar hannu da hannu, ba a gaban mutane ba. A ciki akwai sunan kowace mai gudummawa, da abin da ta saya, da nawa ta biya. Sai ta kwafe a littafinta kamar yadda take kwafe na masu kuɗi. Iyaye mata sun fi yaba wannan takarda a kan komai, domin da can idan aka kawo kula sai uwa ta yi ta kintace ko ta aika kasuwa a tambayo mata kuɗinta a ɓoye.

Anti Malama, Samaru:

A nan ina da ja. Bayyana kuɗin kyauta ga wanda aka ba wa ba ya cikin ladabi, shi ya sa muke ɓare takardar farashi kafin mu naɗe kaya. Ya kamata a tambayi mai sayen tukuna. Wadda ta yarda a rubuta, wadda ba ta yarda ba a sa sunanta da kayanta kawai. Wata don Allah ta yi, ba ta jiran a mayar mata, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mu riƙa yi wa juna kyauta za mu so juna, bai ce mu riƙa lissafi ba.

Hajiya Babba, Ƙofar Doka:

Malama, gaskiyarki ta fuskar lada. Ta fuskar zaman dangi kuwa, wadda ta ce kada a rubuta ita ce za ta fara ƙorafi ranar da aka kai mata abin da bai kai nata ba. Amma a tambaye ta ɗin, babu asara.

Malam Mai Shago, Sabon Gari:

Assalamu alaikum Hajiyoyi. Ni a wurina da yawanku kuke sari, don haka zan yi magana a kan ɓangaren da yake karya jari. Jerin nan alkawari ne na tsawon wata biyu ko uku, kasuwa kuwa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Kun ga abin da ya faru bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni. Dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Mafi yawan kuloli da fulas da tangaran da bilanda daga waje ake shigo da su, musamman daga Sin, su sauka Legas kafin su hau mota zuwa Arewa, saboda haka motsin Dala da na kuɗin mota duka a kansu yake sauka. Wadda ta rubuta farashi a farkon Rajab ta ce yana nan har ƙarshen Sha'aban, daga aljihunta za ta cika.

Shawarata ita ce a rubuta kwanan wata a saman jerin, a kuma faɗa a fili cewa farashin na mako biyu ne. Kada a soke kaya daga jeri don wata ta ce "ajiye mini," sai kuɗi ya shiga. Idan ya shiga kuma, a zo a ɗauki kayan a ranar ko washegari, kada a juya kuɗin a wani ciniki da niyyar za a saya idan biki ya matso, domin a lokacin ne za a tarar launin ya ƙare ko farashi ya tashi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na masu haɗa kashi-kashi, idan rabin kuɗin ya taru a kawo kafin alƙalami in ware kayan gefe.

Sai dubawa. A buɗe kowane kwali a ƙirga a gabana, a ɗaga kowane faranti a haska, a zuba ruwan zafi a fulas a ga ko yana riƙewa, a jona bilanda a ji kukanta. Masu sayo kayan lantarki na gwanjo su karanta jikinsu, domin abin da aka ƙera don Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce, ana jonawa zai ƙone. Babu abin da yake zubar da mutuncin mai sana'a kamar a buɗe kwali a tsakiyar dangin ango a tarar da murfi a fashe.

Ummu Sudais, Hanwa:

Na gode iyayena, ni sabuwa ce a sana'ar. Abu biyu ne suke damuna. Na farko, kamfanin da nake karɓar kaya a wurinsa tukwanensa masu tsada ne ƙwarai, kuma la'adata tana ƙaruwa ne idan na sayar da manyan seti. Idan na cika jerin da su, masu ƙaramin ƙarfi za su ga babu nasu. Na biyu, idan aka tara kuɗi aka sayi kaya, sai Allah ya ƙaddara aka fasa auren ko aka ɗaga shi, yaya ake yi?

Maman 'Yan Biyu, Gyallesu:

Ƙanwata, jerin na amarya ne, ba na kamfaninki ba. Ki sa babban setin guda ɗaya a raba shi kashi-kashi, sauran kuma ki cika da abin da kowa zai iya, ko da ba kayan kamfanin ba ne: ludayi, wuƙaƙe, tire, maburgi, faifai, robobin ajiye kayan yaji, gwagwa. Ribar da ke kan waɗannan ba ta taka kara ta karya ba, amma su ne suke sa ɗaliba mai Naira 3,000 ta shigo ciki ba tare da jin nauyi ba, kuma ɗalibar nan ita ce amaryar baɗi. A zauren ƙawaye ban taɓa rubuta wance ta sayi kaza ba, "an saya" kawai nake sawa a gaban kayan, don kada a mayar da abin gasa.

Hajiya Babba, Ƙofar Doka:

Amsar ta biyu a wurina take. Idan ɗagawa aka yi, kaya suna nan a ajiye, sai dai ki sanar da waɗanda suka biya. Idan fasawa aka yi, kuɗin mutane amana ne. Wadda ba a riga an saya mata ba ki mayar mata da kuɗinta cif. Wadda aka saya wa, ki kira ta ita kaɗai ki tambaye ta, a ba yarinyar duk da haka, ko ta karɓi kayanta, ko ki sayar ki ba ta kuɗi. Kuma bakinki ya mutu a kan dalilin fasawar, ko kin sani. Mai shiga gidaje da sana'a tana ganin abin da maƙwabta ba sa gani, wadda ta fara kwasar labarin wannan gida tana kai wa wancan, ƙofofi za su rufe mata ɗaya bayan ɗaya ba tare da an gaya mata dalili ba.

Maman Iman, Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya da yake haɗa ni da amare. Uwa tana cewa a sa abin amfani, yarinya kuma ta ga hotuna a Instagram tana son komai na kicin ya zama launi ɗaya, tun daga tukunya har abin zuba shara, saboda masu zuwa ganin ɗaki. Wa zan bi?

Anti Malama, Samaru:

Ki bi uwa. Tukwanen nan marasa kamu da yaran suke so ba sa son cokalin ƙarfe, ba sa son soson waya, ba sa son wuta mai ƙarfi, kuma ba a yi su don tuƙin tuwo ba. Wata uku ya isa cikinsu ya fara ɓarewa a hannun wadda ba a koya wa ba. Sayen abin da za a jera a kalla kawai, a wannan tsadar rayuwa, almubazzaranci ne, kuma bai kamata mu zama masu ingiza shi ba don la'ada.

Maman 'Yan Biyu, Gyallesu:

Anti, ban yarda da ke gaba ɗaya ba. Yarinya sau ɗaya take wannan jere, kuma ita za ta zauna da kayan. Na manya ya ɗauki tukwanen aiki, na ƙawaye ya ɗauki na ado da launin da take so, ai amfanin raba jerin biyu ke nan. Batun ɓarewa kuwa aikinmu ne. Ina sa ludayin katako ko na roba a cikin kowane seti, kuma bayan an watse da mako biyu ina komawa gidan amarya in nuna mata yadda ake wanke su da yadda ake kunna abin da ba ta saba da shi ba. Yawanci nakan tarar da ƙawa ɗaya ko biyu sun zo hira, kuma daga irin wannan zama nake samun biki na gaba, ba daga tallan da nake sawa a waya ba. Ranar biki kam ba na raba kati, ba na ɗaukar hoton ɗakin mutane in watsa, sai amarya da mijinta sun yarda.

Hajiya Babba, Ƙofar Doka:

Tunda kun kawo ni nan, bari in ba ku abin da ban faɗa da farko ba. Masu ba da ambulan ba za su daina ba, kuma kada ku yi ƙoƙarin hana su. Amma kwana biyu ko uku kafin jere, kuɗin gudummawa ya fara taruwa a hannun uwa, kuma a lokacin ne take aika yara kasuwa a guje su cike abin da ya rage. Idan jerinki yana hannunta, ta ga abu bakwai ne ba a soke ba, wa za ta kira? Ki tanadi waɗannan kayan a kusa, ki yi mata ragi ko kaɗan ne, ki kai mata har gida a Keke Napep. Cinikin wannan daren yakan fi duk abin da ƙawaye suka tara. Sai dai kada ki ba da bashi da sunan "bayan biki," domin bayan biki uwar amarya ba ta da ko sisi, kuma ba za ki iya tsayawa a ƙofarta kina bin ta ba.

Malam Mai Shago, Sabon Gari:

Haka ne Hajiya. Duk wadda take da biki a Rajab ta turo mini kwafin jerinta tun yanzu, ba sai da sunan gidan ba, in ga abin da babu a shago in haɗa a sarin da zan tafi Kano mako mai zuwa. Tangaran da gilashi kuma a gaya mini da wuri, domin ba na ɗora su a motar kaya ɗaya da tukwane.